Ku Tambayi Likita: "Maganin Nan Bai Karɓe Ni Ba"

Da wuya rana ta faɗi a ɗakin da nake duba marasa lafiya nan Garwa ban ji wani ya ce "maganin nan bai karɓe ni ba", ko da Hausa ko da Fulatanci ko da Faransanci. In ka bi diddigi kuwa, wani gudawa yake nufi, wani ƙaiƙayi, wani kuma saura ƙiris ya rasa ransa amma yana ba da labarin yana dariya. Wasiƙu huɗu na ware wannan watan, duk a kan wannan maganar suke.

Daga wata uwa, unguwar Yalwa, Garwa: Assalamu alaikum Likita. Yarona shekararsa uku. Watan jiya ya yi zazzaɓi da mura da tari, aka rubuta masa amoksisilin na ruwa. A rana ta biyar sai ƙananan ƙuraje suka feso masa a ƙirji da baya har cinya. Bai fasa wasa ba, yana cin abincinsa. Da na koma aka ce in daina ba shi, aka rubuta da jan biro a bangon littafinsa na asibiti cewa yana da alerjin fenisilin. Kakarsa kuma ta ce ƙyanda ce ba ta gama fita ba. Ke nan har abada ba zai sake shan wannan magani ba?

Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kin rage mini rabin aiki da kika ce rana ta biyar, don a wannan harka ƙidayar lokaci ta fi duk wata na'ura da muke da ita amfani.

Amoksisilin ɗan gidan fenisilin ne, shi ya sa aka rubuta haka. Jiki yana yi wa magani bore, wato alerji, ta hanya biyu. Akwai na gaggawa, wanda ke zuwa cikin sa'a guda da shan maganin, wani lokaci ya ɗan jinkirta zuwa sa'a shida. Shi ne borin jini: fata ta tashi rudu-rudu kamar an zabga bulala, ga ƙaiƙayi, ya taso nan ya kwanta ya ɓullo can, ba wanda ke kwana ya yini a wuri ɗaya. In ya yi tsanani leɓe da fatar ido su kumbura, murya ta dushe, ƙirji ya riƙa kuka, mutum ya ji jiri ya zube. Wannan kam a guje asibiti, kuma allurar da ake fara yi ita ce adrenalin a cinya. Na faɗi haka da gangan, don na sha ganin an ruga ana neman allurar deksa, maganin rage kumburi, alhali ita sai bayan sa'o'i take fara aiki.

Na biyu shi ne mai jinkiri, wanda ke fitowa bayan kwana huɗu, biyar, har zuwa mako biyu: ƙananan ƙuraje birjik, su fara daga gangar jiki su sauka, su zauna inda suka fito har su bushe. Abin da kika siffanta ke nan. Matsalar ita ce ƙwayoyin bairas masu kawo wa yara mura da zazzaɓi su ma irin waɗannan ƙurajen suke fitarwa, kuma a daidai wannan lokacin. Akwai ma wata mai suna Epstein-Barr, mai kumbura maƙogwaro da kaluluwar wuya, wadda in aka sha amoksisilin tana jiki sau da yawa sai ƙuraje sun feso, bayan ta wuce kuma mutum ya sha maganin lafiya lau. A yawancin yara irin naki ciwon ne ya kawo ƙurajen, maganin yana kusa ne kawai aka kama shi. An bar jaki ana dukan taiki.

A Amurka, inda suka ƙidaya abin sosai, kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da wannan rubutu na alerjin fenisilin a takardunsa, amma in aka gwada su, fiye da tara cikin goma suna shan maganin ba abin da ya same su. Hatta waɗanda nasu na gaske ne, irin na gaggawa, kusan takwas cikin goma abin yana barinsu bayan shekara goma.

Ba na ganin laifin wanda ya ce ki dakatar da maganin, ni ma haka zan yi. Jan biron ne ban so ba. Rubuta shi minti ɗaya ne, goge shi kuwa sai a shekara ashirin ba a samu mai ƙarfin hali ba, kowane likita ya gani ya kauce. Amoksisilin shi ne maganin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa yaro mai ciwon nimoniya, ga shi da araha, ana samunsa har a ƙaramin asibitin ƙauye. Yaron da aka rufe wa wannan ƙofar, duk sanda ya kwanta sai an nemo masa wani magani mai tsada, wani sa'in ma wanda bai kai shi aiki ba.

Maganar Kaka kuma, a gaishe ta, ba ta yi nisa da hanya ba da ta zargi ciwo maimakon magani. Sai dai ƙyanda daga fuska da bayan kunne take farawa, da zazzaɓi mai zafi da jan ido, kuma yaro mai ƙyanda ba ya tashi ya yi wasa.

Ga abin da za ki yi. Bari ya warke sarai, a samu mako huɗu zuwa shida. Ki kai shi wurin likitan yara da safe, yana cikin ƙoshin lafiya, ba mura ba tari, kuma kada ki ba shi maganin ƙaiƙayi a kwanakin da suka gabata don yana rufe alama. Ki ba da labarin kamar yadda kika ba ni. In likita ya gamsu cewa ba kumburin fuska, ba sarƙewar numfashi, ba gyambon baki, ba saɓulewar fata, zai iya gwada shi: a ba shi kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata ya sha, a jira rabin sa'a, a ba shi sauran, ku zauna a benci sa'a guda ana kallonsa, adrenalin na ajiye kusa. Sannan ki sa masa ido a gida na 'yan kwanaki. In shiru, a soke rubutun nan, a sa kwanan wata da hatimi. Don Allah kada ki ce bari in gwada masa cokali ɗaya a gida in gani. Gwajin ɗaya ne, amma a gida ba ki da abin tarbar bore in ya zo.

Wani abu kuma ga duk iyaye: in ƙuraje sun fito, a fita da yaro hasken rana a ɗauki hoto da waya tun ranar farko. Littattafan da muka karanta cike suke da hotunan fatar Turawa, inda ƙurji ke yin ja zur. A fatarmu jan ba ya nunawa, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi. Ni kaina tafin hannuna ya fi idona gani, sai na shafa nake jin gurzar. In kuka zo bayan mako uku kun ce "wasu ƙuraje ne dai", ba ni da abin kamawa.

Daga wani direban babbar mota, hanyar Ngaundare zuwa Injamena: Likita, da kunya nake rubuto wannan. In cikina ya ɓaci a hanya nakan sayi Bactrim wurin masu talla in sha. Sau uku ke nan, in na sha da dare, kafin asuba sai leɓena na ƙasa ya yi zafi ya kumbura, wani wuri kuma a al'aurata ya yi tabo zagayayye kamar kwabo, har ya ɗuri ruwa. In ya warke sai ya bar baƙi. Wani ya ce ciwon sanyi ne, ni kuwa ban san kowa ba sai iyalina. Kuma in maganin ne, yarana fa? Ana raba musu maganin zazzaɓin damina.

Malam, kwantar da hankalinka, ka kwantar da na iyalinka. Abin da ka faɗa ba ya kama da ciwon sanyi. Kai ka ma yi wa kanka gwajin da muke yi, har sau uku, ba tare da ka sani ba. Akwai wani nau'in boren magani da ke da gida: duk sanda aka sha maganin sai ya koma daidai inda ya fito a baya, cikin rabin sa'a zuwa sa'a takwas, kuma wuraren da ya fi so su ne leɓe, al'aura da bayan hannu. Baƙin da yake bari yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, ba man da zai hanzarta shi, kada ka ɓata kuɗinka a kan man bilicin. Bactrim na cikin manyan masu haddasa shi a ƙasashenmu. Kafson nan ja da yalo, da Flagyl, da magungunan ciwon jiki, har farasitamol, su ma suna yi, shi ya sa nake so ka tuna ko kana haɗa shi da wani abu in ka sha. In ba ka haɗawa, magana ta ƙare.

Kada ka yi na huɗu. Kowane zagaye yana iya ƙara sabbin tabo, kuma akwai waɗanda abin ya watsu musu jiki duka da bororo sai da aka kwantar da su.

Inda direbobi ke faɗawa rami shi ne suna. Bactrim, Septrin, kotirimoksazol, duk abu ɗaya ne aka sauya wa riga. Kwalin da ya shigo ta Mubi da Turanci yake, wanda ya hau daga Duwala da Faransanci, mai talla kuwa launi kawai ya sani. Sannan Fansidar na zazzaɓin cizon sauro ɗan gidansu ne, dukkansu dangin sulfa ne, shi ma ka bar shi. Ka sa ma'aikacin farmasi ya rubuta maka waɗannan sunayen a 'yar takarda, ka ajiye ta tare da lasisinka na tuƙi, tunda shi ne abin da ba ka rabuwa da shi daga nan har Kuseri. Ban da haka ma, yawancin ɓacin cikin hanya ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan gishiri da sukari ya ishe ka, sai in akwai jini ko zazzaɓi, nan kuma asibiti ne.

Yara kuwa a ba su maganinsu. Gaskiya ne maganin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina a Arewa da Arewa Mai Nisa, ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, akwai dangin sulfa a ƙwayar ranar farko. Amma wannan bore ba gado ba ne da za a ce don uba yana da shi ɗa ma yana da shi. Yaron da ake hana wa shi ne wanda shi da kansa ya taɓa yin bore da sulfa, ko wanda yake kan shan Bactrim a lokacin. Zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta ya fi wannan tsoron haɗari nesa ba kusa ba.

Daga wata ɗalibar aikin jinya, Marwa: Baba Likita, ana koya mana cewa yawancin ƙurajen magani ba su da haɗari, amma wasu suna kisa. In an tura ni ƙauye ni kaɗai, ba ɗakin gwaji, yaya zan bambanta su tun da wuri?

'Yata, zan ba ki amsa da abin da ya faru da ni, don har yau ban manta ba.

Ina sabon fara aiki a wani ƙaramin asibiti, cikin zafin watan Afrilu, aka kawo wata yarinya 'yar kimanin shekara sha tara a bayan babur, yayanta na riƙe da ita. Zazzaɓi, ido ja, maƙogwaro na ciwo, ta ce ko ruwa ta haɗiya kamar barkono. A ƙirjinta akwai 'yan ɗigo-ɗigo masu duhu da ban ba su muhimmanci ba, na ce zafi ne. Layi ya yi tsawo a waje. Na tambaye ta tun yaushe, ban tambaye ta me take sha ba. Na rubuta maganin zazzaɓi da na maƙogwaro da na ɗigawa a ido, na sallame su.

Kwana biyu suka dawo da ita a kwance. Leɓunanta sun yi ɓawon jini baƙi ƙirin sun manne, idanu sun liƙe da ruwa. Da na kama damtsenta zan ɗaura abin awon jini, fatar ta zame ƙarƙashin babban yatsana kamar ɓawon tumatirin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Sai a lokacin na ce a kawo mini duk abin da take sha. Yayan ya kwance wata baƙar leda a kan tebur, ga katin Bactrim na kasuwa, saura ƙwaya biyu. Kwana goma sha ɗaya tana sha saboda fitsari mai zafi, kuma ta ci gaba da sha har a kwana biyun nan, don ba wanda ya ce ta daina. Ta rayu, bayan mako biyar ana jinyarta kamar wadda ta ƙone da wuta. Amma idonta ɗaya bai koma daidai ba. Tambaya ɗaya ce ban yi ba.

Wannan shi ne ciwon da likitoci biyu, Stevens da Johnson, suka siffanta a 1922, mafi tsananinsa kuma Lyell ya siffanta a 1956, sunan da za ki fi ji a bakin malamanki. In fatar da ta saɓule ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na jiki ba, sunan farko ake kira, in ta wuce kashi 30, na biyu. Yakan zo tsakanin kwana 4 zuwa 28 da fara magani, shi ya sa majinyaci ba ya haɗa su a ransa, yana ganin ai ya daɗe yana sha lafiya. Ban da dangin sulfa, ki sa ido kan magungunan farfaɗiya irin su karbamazefin da fenobarbital, da alofurinol na ciwon gaɓoɓi, da nebirafin na cutar da ke karya garkuwar jiki. Masu ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki sun fi kowa saurin gamuwa da shi.

To ga abin da nake yi tun daga ranar. Duk mai ƙuraje da zazzaɓi, sai na buɗe bakinsa da tocila, na ja fatar idonsa, na tambayi ko fitsari na yi masa zafi a bakin mafita. Sai na tambaya: ƙaiƙayi yake ko zafi? Ƙurji mai ƙaiƙayi yakan bar ni in yi barci, fata mai zafi in an taɓa ita ce ke tashe ni tsaye. Sannan leda. Ba na ce "kana shan magani?", don amsar kullum a'a ce, mutanenmu ba sa lissafa na kasuwa da na maƙwabciya da jiƙo a matsayin magani. Cewa nake "kawo ledar", in zazzage ta, in ɗauki kowane kati in tambayi ranar da aka fara shi, in koma baya wata biyu cur.

Wata biyun nan da dalili. Akwai wani mugun nau'in da ke jira mako biyu zuwa takwas: fuska ta kumbura suntum, zazzaɓi, kaluluwa, ƙuraje ko'ina, a ciki kuma hanta ko ƙoda na ƙonewa. In kin ga haka, ko ido ya fara yin rawaya, shi ma na turawa ne babban asibiti, inda za a auna jini da hanta.

In kin ga ko ɗaya cikin waɗannan, ki tsayar da duk maganin da ake zargi nan take, ki sa ruwa, ki rufe fatar da tsabtataccen ƙyalle, kada a shafa toka ko man gargajiya, ki tura shi a ranar. Irin waɗannan mutane ba a yi musu gwajin sha da na gaya wa uwar yaron nan, har abada. Su ne jan biro ya dace da su. Ki rubuta sunan maganin, da ranar da aka fara, da ranar da ƙurajen suka fito, da yadda suke, don wanda zai karanta bayan shekara goma ya san wane iri ne.

Daga wani dattijo ɗan kasuwa, Gidar: Likita, ni magunguna da yawa ba sa karɓata. Kulorokwin a da yana sa ni susa kwana biyu, Augmentin kuma yana sa ni zawo. Ɗana ya ce in je Yawunde a ɗebi jinina a gwada duk magungunan da jikina ba ya so. Ya kake gani?

Ranka ya daɗe Alhaji, ka riƙe kuɗin jirginka. Babu wani gwajin jini da ake zuba wa magunguna duka ya ware maka na ƙi da na so. Wanda ake da shi na fenisilin ma yakan kuskure masu alerjin da yawa, ya ce ba su da shi. Gwajin fata ya fi shi: a ɗiga maganin a hannu a ɗan tsaga da tsinin allura a duba bayan minti 15 zuwa 20, ko a manna shi a baya da filasta a cire bayan kwana biyu. Shi ma ana yinsa ne a kan magani ɗaya da labari ya riga ya nuna, ba a kan kantin farmasi gaba ɗaya ba.

Biyun da ka ambata kuma ba alerji ba ne. Susar kulorokwin sananniya ce a wurin baƙar fata, tana zuwa ba tare da ƙurji ko kumburi ba, ta wuce da kanta. Zawon Augmentin kuwa halinsa ne, yana motsa cikin mutane da yawa, kuma yana raguwa in an sha shi a farkon cin abinci. In an sake rubuta maka shi, ka faɗa wa likita yana sa ka zawo, da waɗannan kalmomin, kada ka ce bai karɓe ka ba, don kada a ɗauko maka jan biro. Ka sha shi da lomar farko ta tuwo. In zawon ya wuce kwana biyu yana ƙaruwa, ko ka ga jini, ka dawo da kwalin a hannunka.